Harshen Aro

Sabitu, ka tare ni a Farin Gada,
ina taya kabeji, kai kana taya rayuwata:
"Kawu, a samo min hanya."
To, riƙe min ledar nan tukuna.

Shekara tara na yi ina shaƙar alli a Gangare,
yara saba'in, benci ashirin.
Albashi ya zo ranar da ya ga dama,
ya tarar masu bin bashi sun riga shi zama.
Da Turkiyya ta yi kira, ko istihara ban gama ba.

Can, ɗalibai goma sha biyu ne aji,
allonsu ma yatsa yake so, ba alli ba.
Ran ɗaya ga wata, kafin in wanke ido,
waya ta yi ƙara, haƙƙina ya shiga.
Kwanon da ke kan ɗakin Inna,
da burtsatsen da duk layinmu ke ɗiba,
da karatun Zuwaira har ta sa farin kaya,
daga bakin nan suka fito, kalma bayan kalma.
Ba zan yi wa Allah butulci ba.

Akwai wata 'yar ƙarama mai wushirya, Elif,
ta ce in koya mata gaisuwar garinmu.
Kullum da safe sai ta miƙe: "Sannu, Malam."
Da wannan kaɗai nakan kai la'asar.

Amma ranar da na fara zuwa,
shugabar makaranta ta dubi takarduna,
ta dubi fuskata, ta daɗe a kan fuskar.
So take ta ji Turancin nan
a nono na sha shi, ko a gwangwani.
Wani ɗan Landan da bai san maɗigar aya ba,
ni ke gyara masa jarrabawa da dare,
albashinsa ya haɗiye nawa biyu.
Fatarsa ce takardar shaidarsa.
Kayan aro, ka sani, ba ya rufe katara.

Na ɗauka ɗan Jos ya sauke karatun sanyi,
ni da ke wankan asuba a Rikkos ba tukunya.
Ashe akwai sanyin da bargo bai san shi ba:
ɗaki mai ɗumi, ƙofa mai kyau,
wata huɗu ba wanda ya yi mata sallama.
Ran nan na kama kaina ina yi wa buta ina kwana.

Ranar da Baba ya cika
ina gaban allo, ina koya musu
yadda ake faɗin abin da ya riga ya wuce.
Waya na ta rawa a aljihu, doka ta ce kar a taɓa.
Pam, maƙwabcinmu, shi ya bi gawa har maƙabarta,
ya ɗaga min wayarsa sama da kawunan mutane.
Na ga makara, na ga ƙafafu, na ga jar ƙasa,
sai hoton ya daskare.
Har yau a wurina ba a gama rufe shi ba.

Ka ga mai kabejin nan?
Ajinmu ɗaya a firamare.
Farashin baƙi ya faɗa min ɗazu,
ban kuma ce masa komai ba.
Can ni ɗan Afirka ne, nan ni ɗan Turkiyya.
Inna ma ta ce Hausata ta fara ɗingishi.

Kana jira in ce je ka, ko in ce zauna.
Ni da tikitina na Alhamis ke cikin aljihu,
da wane baki?

Kawo takardunka gobe bayan azahar, mu duba.
Yau dai wuce gida.
Babanka na ƙofar gida yana gyaran rediyo.
Zauna kusa da shi, ko ba ku ce uffan ba,
har a kira isha.

Ba ni ledata.