Ƙidayar Baba Nomau

Daga bayan gidanmu a Ɗansadau
ana hango shi in ruwa ya wanke sama:
dutsen da ya yafa kurmi kamar gwado,
ya bar sanƙonsa a waje yana shan rana.

Shekara ashirin da bakwai Baba Nomau
yana gadin gandun da ke gindinsa,
da keke, da gora, da littafi mai shuɗin bango.
Gwanki huɗu, ran Talata, a bakin ƙorama.
Sawun damisa ɗaya. Rema, ba su ƙirguwa.
Maɗaci goma sha tara; an sare biyu, na san mai gatarin.

Kakata Ige ba ta yarda da littafin ba.
Ta ce dutsen na da mai shi,
wata tsohuwa mai tulu, can cikin kogo,
ita ke ƙirga dabbobinta da tsakuwa duk magariba.
Wanda ya sari icenta bai yi sallama ba
zai kwana yana jin sara cikin kunnensa.
Baba ya yi dariya, ya ce takardar gwamnati ta fi.
Amma ni na gan shi:
kafin ya shiga yakan aje ɓarin goro a kan fa,
ya yi gyaran murya, kamar mai shiga gidan surukai.

Sai injin yanka ya zo, shi ba sallama, ba karatu.
Gawayi ya bi motoci buhu-buhu zuwa Gusau.
Allon gandun ma wani ya cire, ya yi ƙyauren akurki.
Littafin ya rame.
Shafi guda: gada ɗaya, ita ma a guje.

Yanzu ba mai shiga. Kun san dalili,
ba sai na faɗa da dare ba.
Hanyar keken Baba gamba ta cinye ta.
An ce marke ya tofo a kan kututture,
an ce zabi na kiwo har bakin turba.
Abin da ya gagari takarda, ya gagari tatsuniya,
tsoro ya yi shi, ya karɓi ladansa a jikinmu.

Baba na zaure, ido ya yi yana.
Jiya ya ce in ɗauko littafin, in buɗe sabon shafi.
Na ce, me zan rubuta, ba wanda ya je ya gani?
Ya ce, sa kwanan wata, ka bar sauran fili.
Tsohuwar na da tsakuwarta;
ran da hanya ta buɗe, ma je mu kwafa.