Rinin Saifar Ɓera

Babana marini ne a Ƙofar Mata,
hannunsa shuɗi har ranar da aka yi masa sutura.
Ni kuma ga ni, ƙarfe biyun dare,
a ɗakin bincike na Tsohuwar Jami'a,
ina rina ƙwayoyin saifar ɓera.

Ƙwayoyin B, masu barcin zomo.
Sai saƙo ya zo daga maƙwabta,
ɗigon da bai kai hawayen sauro ba,
sannan su fito da alamu a fatarsu
kamar mai shago ya buɗe ƙyaure da asuba.

Wani saƙon ya ce: tashi.
Wani ya biyo sawu: ya isa haka.
Wadda ba ta ji na biyun ba
ita ke ƙona gidan da ta zo tsarewa.

Wuta ta ɗauke. Tasalla ta ruga wajen janareta.
Na rufe kwanon gwaji da tafin hannu.

Da ta dawo, kore ya haska a allo,
rabi sun amsa, rabi shiru.
Baba, kai ka faɗa mini:
ba kowane ƙyalle ke kama baba ba
a tsomin farko.