Robar Ƙarshe a Firiza

Robobi tara kika bari a firiza, Lantana,
kowacce da takarda manne a murfi,
da rubutun nan naki mai jingina da juna:
"Kuka. Kada Baban Muhibba ya ƙara gishiri."

Takwas mun cinye.

Wata bakwai ke nan da muka kai ki makwanci
a kudancin Manchesta,
cikin ruwan garin nan da bai iya zuba ba,
bai kuma iya ɗaukewa ba.
Ƙasar baƙa ce, mai danƙo, ba irin ta Gumel ba.
Ana addu'a, ni kuwa ina cewa a raina:
ba ta zo da safa ba.

Na koyi tuƙa tuwo ina da shekara hamsin da biyu.
Ranar farko gudaji ya fi tuwon yawa.
Nafi'u ya gutsuri loma, ya jujjuya ta,
ya ce da Hausarsa mai ɗingishi,
"Baba, tuwo tana da ƙashi?"
Muhibba ta ƙware, ruwa ya fito mata ta hanci.
Ni ma na yi dariya, karo na farko,
har muryata ta ba ni tsoro.

Ƙararrawar hayaƙi ta zama ladanin gidan nan.
Da na ɗora albasa sai ta kira,
yara su rugo da tawul
suna yi mata fifita kamar mai jinya.

Dorin ta lamba sha huɗu,
wadda ta taɓa turo mana wasiƙa kan warin daddawa,
kika mayar mata da amsa da kwanon ƙosai,
yanzu duk daren Talata
ita ke ja mana kwandon shara zuwa bakin titi.
Ba ta cewa komai, ni ma haka.
Shekaranjiya dai ta dafa katanga,
ta kalli tagar kicin ɗinmu,
ta ce ta yi kewar warin.

Kitson Muhibba ma na gwada, ina bin bidiyo a waya.
Ta tafi makaranta da kai
kamar gonar da ake rikicin iyakarta.
Da la'asar sai ga Hajiya Tasalla,
bas biyu ta hawo daga Bolton,
mataji da man kaɗanya a jaka,
wai wucewa take yi.
Ina aka taɓa wucewa ta ƙofar gidanmu?
Titin ma a nan ya ƙare.

Inna ta kira ranar Juma'a.
Har yanzu goshinta kawai muke gani, da fankar ɗaki.
Ta tambayi jikoki, ta tambayi sanyi,
ta yi mitar tsadar gero,
sannan ta ce, "To, ba ni Lan..."
Fanka ta ci gaba da juyawa.
Can ta ce, "Layin ne ba kyau."
Na ce, "E, Inna, layin ne."

Saura roba ɗaya,
can ƙasa, bayan kifi da burodin da muka manta.
"Taushe. Na ranar da na gaji."

Jiya na dawo aikin dare, ƙafafuna ba nawa ba,
na iske Nafi'u durƙushe gaban firiza a buɗe.
Ya riƙe ta da hannu biyu,
yana haɗa baƙaƙenki ɗaya bayan ɗaya
har yatsunsa suka ƙage.
Ya ɗago ya dube ni.
"Ba yau ba," in ji shi.
Na ce ba yau ba.

Muka dafa taliya da manja.
Ladani ya kira, aka kawo tawul.
Na ɗanɗana, na waiga, ba mai hana ni.

Na ƙara gishiri, Lantana.
Ya yi yawa.