Waya a Ƙirji

Shekara ashirin ina gyaran wayoyin mota
a garejin Arzika, bayan tashar Tawa.
In fitila ta ƙi kamawa, ni ake kira:
Nomau, zo ka nemo inda wuta ta tsaya.

Ran Laraba jak ya zame.
Ƙarfe bai yanke ni ba, ko ɗigon jini babu,
ya dai sauka a ƙirjina
saukar taɓarya cikin turmi.
Na tashi, na kakkaɓe riga, na ce ba komai,
har na ci shinkafa da wake wajen Gambo.

Bayan kwana biyu, ina cikin ruku'u,
tabarma ta taso ta tarye ni.

A asibiti suka manna mini wayoyi goma.
Takarda ta fito da tuddai a jere,
sai fili,
sai tudu can da nisa, kamar wanda ya makara.
Lokotoro ta aza yatsa kan filin:
"Nan ne. Ɗakin sama yana kira,
na ƙasa ba kullum yake ji ba.
Akwai waya tsakaninsu, ba ta kai zare kauri ba,
bugun nan ya kumbura hanyarta."

Na yi dariya har haƙarƙari ya tsawata mini.
Ni da ɗan gwajin wuta a aljihu,
ga mota ta lalace, babu murfin buɗewa.

Da dare Cima ke riƙe wuyan hannuna,
ido kan agogon salula, leɓe na motsi.
Talatin da takwas.
Tsakanin bugu da bugu
akwai shirun da ya isa in tuna bashin siminti,
in tuna Sa'a ba ta fara tafiya ba.
Sai ya zo. Dum.
Cima ta saki numfashin da ta riƙe mini.

An ce in kumburi ya saɓe, wuta za ta nemo hanya.
In ya ƙi, sai Yamai,
a binne mini ɗan batir ƙarƙashin fata
ya riƙa tashin maƙwabcin da barci ya yi wa nauyi.

Jiya yarona Tankari ya zo dubiya,
hannu duk baƙin mai,
ya ce wata akori-kura ta gagare shi:
fitilarta tana yi, tana ɗaukewa.
Na ce kada ka yanke komai.
Bi wayar da yatsa, sannu,
har inda ƙarfe ya danne ta.
Da ranta.
Jira take a ɗaga mata.