Ƙafar Baya

Shekara arba'in babana Amândio yana zana kujera
a bayan takardar da aka naɗo masa kifi,
fensir a kunne, garin katako a gira.
Shagonmu na Matosinhos, bayan tashar jiragen ruwa,
inda tsuntsayen teku ke dambe kan hanjin sardin
tun coci ba ta kaɗa ƙararrawa ba.

Sai wani gidan abinci ya aiko:
kujera sittin, kafin bikin watan Yuni.
Hannu biyu, ɗaya ma da sanyin ƙashi.
Custódio mai injin yanka ya juya zanenmu, ya shinshina,
ya ce injinsa ba ya karanta ƙarni,
a kawo masa a kwamfuta.

Ni ce Benedita, littafin kuɗi a hannuna yake,
na san inda kowane yuro ke kwana.
Na hura wa tsohuwar kwamfutarmu ƙura,
fankarta na haki, muka shiga neman manhajar zane.

Ta farko ta manya ce, ta masu gina gada.
Kwana talatin tana mana fara'a,
ka ja layi, ta lanƙwasa shi tun ba ka roƙa ba.
Ran na talatin da ɗaya ta miƙo tafi.
Kuɗin wata ya kusa hayar shago.
Baba ya ce, in na daina biya fa?
Na ce sai ta rufe ƙofa, zanenka na ciki.
Ya daɗe yana kallon bango
inda gizagon kakana ke rataye.
Ya ce, wannan bai taɓa aiko min takardar bashi ba.

Ta biyu kyauta ce, in ji babban rubutu.
Ƙaramin rubutu na bi da ɗan yatsa:
kyauta ga mai sassaƙa wa jikoki doki,
ran da ka sayar da ƙafa ɗaya, ka zama attajiri.
'Yar bakin teku ce ni,
na san ƙugiya in ta saka rigar tana.

Ta uku ba ta da ubangida.
Wasu ne suka haɗa ta da dare bayan sun tashi aiki,
mutanen da ba za mu taɓa yi wa godiya ido da ido ba.
Ba ta da kyan gani. Araha ba ta ado.
Abin da kake nema tana ɓoye shi ƙarƙashin wani abu,
ga gardama kamar jakin da ya hango gada.

Baba ya ce a gwada ta da ƙafar baya,
mai lanƙwasar nan da ubansa ya koya masa da rankwashi.
Dare uku muna bi, ni da linzami, shi da ido:
ƙara, rage, a'a, kin ba ta ciki.
Cikin na ukun allon ya daskare,
komai ya tafi, ba mu adana ba.
Na kifa kai a benci.
Na ji yana fiƙe fensir a bayana.
Ya ce, katako ma ya sha tsagewa a sara na ƙarshe. Tashi.

Ran Talata Custódio ya kawo su a mota,
ƙafa ɗari da ashirin, kamar uwa ɗaya ta haife su.
Baba ya ɗauki ɗaya, ya rufe ido,
babban yatsansa ya gangara, ya tsaya a gwiwa.
Milimita biyu, in ji shi.
Na ce injin ne?
Ya ce a'a, ni ne. Shekara arba'in ina gyara ta da hannu,
ban taɓa faɗa wa takarda ba.

Ya jawo takardar gogewa.
Ni kuma na buɗe fayil, na nemo gwiwar,
na adana sau biyu.