Mai Hayar Matasai a Ƙofar Dutse

Shekara talatin da ɗaya ina bakin ƙofar nan,
ina ba da hayar matashi, Yuro ɗaya,
don dutsen kakanninmu ba ya tausayin ƙugu.
Sunana Evantiya. Wanda ya zo sau biyu ya san ni.

Da la'asar sakaliya motoci ke hawowa daga Atina,
gyare na tsaga iska cikin zaitun,
mutum dubu tara su zauna hawa-hawa
kamar hatsi a faifai,
su biya kuɗi don a sa su kuka.

Ban yi nisa a makaranta ba,
amma labaran nan na san su kamar yunwar cikina:
sarki ya rantse da safe,
kafin rana ta faɗi rantsuwar ta cinye gidansa.
Shekara dubu biyu da ɗoriya ana jan kunnensa.
Bai taɓa ji ba.
Ni kuwa duk rani sai na leƙa, ko bana ya shiryu.

Bana wani yaro ya zo, Lefteris,
gemu kamar na bunsuru, sigari a bayan kunne.
Ya ce a ajiye fuskokin katako.
Ya sa wa sarki kwat, ya ba shi waya biyu,
ya mai da fada kwantenar ƙarfe mai tsatsa,
'yan amshi kuwa, dattijan gari masu sanda,
ya mai da su matan da ke wanke tashar jirgin ruwa,
kowace da bokitinta.

Na tare shi a ƙofa.
Na ce, yaro, abin da na hango daga wannan kujera
ko ka hau layin ƙarshe na dutsen nan ba ka hango shi.
Bokiti? A gaban alloli?
Ya yi dariya, ya ajiye Yuro ɗaya,
ya ce, karɓi, yau ke ma ki zauna kan taushi.

Na zauna ina ƙunƙuni har rabin dare.
Sarki na ta ihu cikin waya,
matan na goge ƙasa suna faɗin abin da zai zo,
ba mai kallonsu, kamar kullum.

Sai ƙarar babur daga cikin duhu.
Ɗan aike ne. Na san shi, shi na fi tsoro,
don a gidan nan ba a zubar da jini a gaban ido,
baki ke kawo shi.
Ya kashe inji.
Ya cire hular kwano, ya riƙe ta a ƙirji.
Ya buɗe baki, ya rufe.
Yana juya hular, yana juya ta.

Haka Stamatis ya tsaya a ƙofata
ran da teku ta riƙe Argiris,
hula a hannu, gishiri a gira,
ni da wuƙa da rabin albasa,
na san maganar kafin ta fito,
ina roƙon ya daɗe bai faɗa ba.

Mutum dubu tara, ko tari babu.
Har gyare ya dakata.
Can wata mata ta saki bokitinta,
ya yi ta gangarawa, yana kuka shi kaɗai.

Da aka watse na bi layi ina tsince kayana.
Ɗari huɗu ba ɗaya.
Wani ya tafi da guda, na yafe,
wataƙila ya rasa abin rungumewa.

Lefteris na jirana wajen fitila.
Ya ce, yaya?
Na ce, kwat ɗin ta yi masa yawa,
kuma sarki ba ya tauna cingam.
Ya ce, ɗan aiken fa?

Na ɗaure matasai da igiya, na ja tamau.
Na ce, gobe ka ce masa ya ƙara jinkiri.