Mai Haƙan Rijiya a Bakin Ruwan Ikko

Kwana tara da cire masa yanar ido
na ce, "Baba, yau za ka ga Ikko."
Ya ce, "Tun zuwana jin ta nake yi:
hon, janareto, da faɗan 'yan danfo."

Da hantsi muka baro Agege,
ni da shi da Zinatu, autata.
Gosulo ya riƙe mu a kan doguwar gada
har gumi ya jiƙa bakin hularsa.

Gidan gilashi ne, hawa huɗu, a gaɓar ruwa.
Ƙofar ta buɗe kanta ba wanda ya taɓa ta.
Duk da haka Baba ya yi sallama,
sanyin ciki ya amsa masa.

A gindin matattakala mai tafiya ya ja burki,
yana kallon jama'a suna hawa a tsaye.
"Wannan ai guga ce," in ji shi,
"mutane take ɗebowa."
Zinatu ta kama ɗan yatsansa,
guga ta ɗebe mu mu uku.

Sama, takalmi ƙafa ɗaya a kan teburi,
an haska masa fitila kamar mai sarauta,
kuɗinsa kuɗin ɗan maraƙi.
Gumakan roba marasa kai sun sha leshi.
Wata mata da gwaggwaro kamar faifai
tana ɗaukar kanta hoto, tana gogewa, tana sakewa.
Ƙamshin gugguru a ƙofar silima,
kiɗa na dukan ƙirji ta ƙasan ƙafa,
yara na tsalle a kan katifar iska.
Duk ya wuce su, hannu a baya,
kamar mai zagaya gonar da ba tasa ba.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi a ƙarƙashin ƙasa,
daga Maigatari har ƙauyukan bakin iyaka.
Gaba ashirin, gaba talatin,
sama ta koma kamar kwabo a kansa.
Yakan ji ƙamshin laka
kwana biyu kafin ruwa ya tsatso.

Sai ga mu a baranda.

Bai ce komai ba.
Ya zare baƙin tabarau
wanda likita ya ce kada a cire.
Ruwa kwance, ba igiya, ba kwarkwaro, ba layi,
ba macen da ta yi sammako dominsa.
Jiragen shaƙatawa na yanka shi,
yana haɗewa a bayansu.

Can ya ce, "Gaba nawa?"
Na ce ban sani ba.
"Ana sha?"
"Da gishiri, Baba."
Ya gyaɗa kai a hankali,
kamar an ba shi labarin attajiri marar ɗa.

Na sayo masa ruwan gora a teburin da ke kusa.
Ya tambayi kuɗin, na rage rabi,
ya yi salati duk da haka.
Ya taɓa haƙa wa wani gari rijiya
a kan buhun gero biyu da 'yar akuya,
har yau ana sha.
Kurɓi uku ya yi, ya murɗa murfi,
ya jefa gorar a aljihun gaba.

Askirim na narkewa a gwiwar hannun Zinatu.
Fitilu suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya,
ja da kore suna rawa a kan ruwa.

Ƙasa da mu, kusa da turakun siminti,
wani tsoho a ƙaramin kwalekwale
na kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka,
bai ɗaga kai ya dubi gidan gilashi ba.

Baba ya daɗe yana kallonsa.
Sai ya yi dariya, irin wadda na manta yana da ita,
ya ɗaga masa hannu.
"Ga ɗan'uwana can.
Shi fitarwa yake, ni nema na yi,
duk bayanmu ya ranƙwafa."

Da aka kira magariba a wayata
ya ƙi famfon da ke zuba da kansa.
Ya tsuguna a gefe, ya zaro gorarsa,
ya yi alwala cikakkiya,
ya rage saura.